Yadda ake gano matsalar Wi-Fi a ginin da ke da AP da yawa

Gidan da ke da rauta ɗaya, idan Wi-Fi ya ƙi, maganin sananne ne: a kashe a kunna, ko a duba ko data ce ta ƙare. Lissafin yana canzawa da zarar gini ya yi girman da sai an kafa na'urorin watsa Wi-Fi uku ko biyar ko goma, waɗanda masu aikin ke kira AP, kamar a otal, makaranta, asibiti ko ofis mai bene. Nan ne za ka ji ƙorafi iri-iri a yini ɗaya. Na ƙasa ya ce lafiya lau, na sama ya ce tun safe ko saƙo bai fita ba. Wata ta ce kiran WhatsApp na yankewa duk sanda ta taso daga ofishinta zuwa ɗakin taro. Wani kuma wayarsa na nuna sanduna a cike, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Waɗannan ba ciwo ɗaya ba ne. Abin da ke rikita mutane shi ne duk AP ɗin suna amsa suna ɗaya, don haka mai waya bai san wacce ya kama ba, kai mai gyara ma ba ka sani ba sai ka bincika. Aikin gaba ɗaya ya rataya a kan sanin wace AP ce, wace na'ura ce, kuma a ina abin ya tsaya. Wanda ya fara taɓa saiti kafin ya san waɗannan, lalube yake cikin duhu.

Fara da takarda da biro

Kafin ka buɗe kwamfuta, zana ginin. Ba zanen injiniya ake nufi ba, layuka kawai masu nuna ɗakuna, matattakala da inda kowace AP take. Ba kowacce suna mai sauƙi, kamar Ƙasa-Gabas, Sama-Yamma, Ɗakin Taro. Juya bayanta ka kwafi lambar MAC da ke kan takardar da aka manna mata, haruffa da lambobi 12 ne, ka kuma rubuta ramin da kebul ɗinta ya shiga a suwic, wato akwatin nan mai ramuka da yawa da kebul-kebul na netwok ke haɗuwa a cikinsa. A wurare da dama wanda ya yi aikin farko ya tafi da wannan bayani a kansa, don haka kada ka yi mamaki idan matakin ya cinye maka rabin yini.

Sai ka zauna da masu ƙorafin. "Netwok ba kyau" ba bayani ba ne. Tambaye su: a ina kake lokacin, da wace na'ura, ƙarfe nawa, a zaune kake ko kana tafiya, na kusa da kai shi ma abin ya same shi? Amsoshin su ne za su nuna maka inda za ka dosa. Waya ɗaya da ke ƙi a ko'ina, ciwon a jikinta yake: a sa ta manta da Wi-Fi ɗin a sake haɗawa, a sabunta manhajarta, a wuce wurin. Idan kowa ne a ko'ina, a nufi rauta ko layin intanet. Idan kowa ne amma a ɓangare ɗaya, AP ɗin ɓangaren ce ko kebul ɗinta. Wanda kuma sai yana tafiya abin ke yankewa, matsalar tsallakawa ce daga wata AP zuwa wata, kuma ita ce mafi wuyar sha'ani. Idan lokaci ne ke kawo ta, misali bayan azahar ko duk sanda aka tayar da janareta, ja layi a ƙarƙashin wannan.

Daga nan har ƙarshe, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Idan ka canza abu biyar a tare abin ya gyaru, ba ka san wanne ya yi magani ba, kuma gobe idan ya dawo sai ka koma farko.

Wanke layin intanet tukuna

Sa kebul daga laftof kai tsaye zuwa babbar rauta, ka kashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban Default Gateway, ita ce adireshin rauta. Mu ce 192.168.1.1 ce. Ping umarni ne da ke aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ya jira amsa. Rubuta ping 192.168.1.1, bayan shi ping 8.8.8.8, wanda adireshi ne a can intanet, bayan shi ping google.com. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, matsalar tsakanin rauta da kamfanin da ke ba ku intanet take, babu ruwan AP. Idan na biyu ya amsa na uku ya ƙi, DNS ne, wato abin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, sai a sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a saitin rautar. Yi gwajin gudu ma a kan kebul ɗin ka rubuta abin da ya bayar. Layin da ke ba da 20 Mbps kuma mutum 60 na rabawa, ko AP ta zinariya ka sa ba zai ƙaru ba.

Idan kebul ya yi lafiya, to yanzu ka tabbata a cikin gida abin yake.

Gano AP ɗin da kake kai

Kowace AP, kai kowane rediyo da ke cikinta, tana da lambarta ta daban da ake kira BSSID, ko da sunan Wi-Fi ɗin ɗaya ne. Yawanci ta yi kama da lambar MAC da ka kwafa, sai bambancin baƙi ɗaya ko biyu. A Windows, netsh wlan show interfaces zai nuna maka BSSID, tashar da kake kai, da ƙarfin sigina. A Mac, danne maɓallin Option ka taɓa alamar Wi-Fi a sama. A Android akwai manhajoji kyauta irin su WiFiman da WiFi Analyzer. A iPhone sai an sauke AirPort Utility an kunna mata Wi-Fi Scanner a cikin saiti.

Manta da sandunan da ke saman waya, kowane kamfani da yadda yake zana su. Ma'aunin gaskiya shi ne dBm, kuma lamba ce mai alamar ragi a gaba, don haka wadda ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi. -50 yana da kyau ƙwarai. -67 shi ne iyakar da aka saba nema don kiran murya da bidiyo. -75 an fara wahala, -80 kuwa suna ne kawai an haɗa. Duk ragin 3 dB rabin ƙarfi ne ya tafi. Windows kaso cikin ɗari yake nunawa, inda kashi 100 ke daidai da -50, sifili kuma -100, kenan -67 ya faɗo wajen kashi 66.

Yanzu zagaya ginin da taswirarka. A kowane ɗaki tsaya inda mutane ke zama da gaske, ba bakin ƙofa ba, ka rubuta BSSID, dBm da tasha. Je ka ƙarƙashin kowace AP, kashe Wi-Fi ka kunna don na'urarka ta kama ta, ka maimaita ping ɗin nan uku. A Wi-Fi mai lafiya, ping zuwa rauta ba ya wuce 'yan milisakan. Idan a ƙarƙashin AP guda ya yi ta tsalle zuwa ɗaruruwa ko yana ɓacewa, ka samu wadda ake zargi.

An haɗa amma ba intanet: duba adireshin IP

Wannan shi ne inda na fi ganin ana tuntuɓe, musamman inda aka sayi rautocin gida masu araha aka mayar da su AP. Duk na'urar da ta shigo tana roƙon adireshin IP daga mai rabawa, wato DHCP, kuma a netwok ɗaya mai rabawa ɗaya ake so. Amma kowace rautar gida daga kwali take fitowa da nata DHCP a kunne. Ka jona uku a suwic ɗaya ba ka kashe musu ba, ka samu masu rabo huɗu, waya kuma wanda ya riga amsawa take bi. Shi ya sa abin ke zama kamar na aljanu: yanzu ya yi, an jima ya ƙi, ba wanda ya taɓa komai.

A wurin da ake ƙorafi rubuta ipconfig /all ka karanta layi uku: IPv4 Address, Default Gateway da DHCP Server. Idan babbar rautarku 192.168.1.1 ce amma ka ga 192.168.0.1, wanda rautocin TP-Link da yawa ke zuwa da shi, ko 192.168.88.1 na MikroTik, ko 192.168.8.1 da aka saba gani a na'urorin Huawei, to wani ne ke rabon da ba a sa shi ba. Cire kebul ɗin AP ɗaya bayan ɗaya, kana yin ipconfig /release sannan ipconfig /renew, har baƙon adireshin ya daina zuwa. Wani lokaci ba ma taka ba ce, wani ma'aikaci ne ya kawo rautarsa daga gida ya soka a ramin bango.

Gyaran rautar gida ta zama AP ta gaskiya ba wuya. Idan tana da zaɓin Access Point Mode, zaɓe shi ka huta. Idan babu, shiga saitinta ka kashe DHCP, ka ba ta adireshi tsayayye daga jerin babbar rauta amma wajen abin da ake rabawa, misali 192.168.1.2, ta gaba 192.168.1.3, sannan ka sa kebul ɗin da ya taho daga suwic a ramin LAN, ba WAN ba. Kada biyu su ɗauki adireshi ɗaya. Wanda ya sa a ramin WAN zai ga intanet na aiki, sai ya ɗauka ya gama, alhali ya gina ƙaramin netwok a cikin babba. Alamarsa ita ce na sama ba sa ganin firintar ƙasa, kuma duk wanda ya tsallaka daga wannan AP zuwa waccan adireshinsa ya canza, kira ya yanke.

Idan kuma adireshin da ka gani ya fara da 169.254, na'urar ta roƙa ba wanda ya amsa, sai ta ƙaga wa kanta. A AP ɗaya kaɗai? To hanyarta zuwa rauta ce ta toshe: kebul, ramin suwic, ko a inda ake amfani da VLAN, wato raba netwok ɗaya gida-gida a cikin suwic, an manta a buɗe wa wannan ramin VLAN ɗin da ake buƙata. Irin wannan kan nuna kansa da cewa Wi-Fi na ma'aikata na yi a wurin, na baƙi ba ya yi. A ko'ina ne kuma sai da rana ta yi? Adireshin ne suka ƙare. Rautoci da yawa guda 100 kawai suke rabawa idan ba a faɗaɗa ba, daga .100 zuwa .199, ga shi mutum ɗaya na iya zuwa da waya biyu da laftof. Faɗaɗa rabon, ka kuma rage tsawon aron adireshi zuwa awa biyu zuwa huɗu a wurin da baƙi ke shiga da fita. Jeri na yau da kullum 254 yake ɗauka. Idan bai isa ba, mayar da Subnet Mask zuwa 255.255.254.0 ya ba ka 510.

Kebul da wuta

AP da ke aiki rabi-rabi, kafin ka zarge ta zargi kebul ɗinta. Duba a suwic ko a shafinta gudun da ta haɗu da shi. Gigabit na buƙatar duk silin waya takwas da ke cikin kebul, 100 Mbps kuwa huɗu sun ishe shi. Saboda haka idan sili ɗaya ya tsinke ko an matse kan ba daidai ba, ba za ta mutu ba, sai ta sauka zuwa 100 shiru, ba ta faɗa wa kowa. Sake matse kan, ka gwada da abin gwada kebul. Tsawo kada ya wuce mita 100. Ka kuma kula da kebul mai arha da ake kira CCA, sanholo ne aka yi wa wankan tagulla. A gajeren zango yana lallaɓawa, amma idan aka ɗora masa wutar PoE, wato wutar da suwic ke tura wa AP ta cikin kebul ɗin netwok, a doguwar hanya sai ya riƙa zubar da ƙarfi. Kankare sili ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne ka gane. Ɓeraye ma suna aikinsu a cikin silin.

Sai wutar kanta. PoE na ƙa'idar 802.3af yana ba da wat 15.4 a rami, na 802.3at kuma 30. AP da ke son na biyu aka ba ta na farko tana iya tashi amma ta rage ƙarfi ko ta kashe rediyo ɗaya, ko ta riƙa mutuwa tana tashi idan mutane suka yi yawa. Suwic ma yana da jimillar wat da zai iya rabawa, ba lallai ya ciyar da duk ramukansa a tare ba. Wasu tsofaffin na'urorin Ubiquiti kuma wutar bolt 24 suke ci, ba ta ƙa'idar nan ba, sai da abin ba su wuta nasu. Hanya mafi sauƙi ta kama mai mutuwa tana tashi ita ce duba Uptime, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne tun tashinta na ƙarshe. Idan sauran na nuna kwanaki ita tana nuna minti 40, ka gane.

Kada a manta da zafi. AP da aka ɓoye a saman silin ƙarƙashin kwano don kada ta ɓata kwalliya, a watan Afrilu dahuwa take yi, ga kwanon na dagula siginar. A sauko da ita ƙasan silin, fuskarta na kallon mutane.

Tashoshi

Wi-Fi rediyo ne, kuma a tasha ɗaya mai magana ɗaya ake yarda da shi a lokaci guda, sauran su jira. AP biyu da ke jin juna a tasha ɗaya raba lokacin suke yi, kenan ka sayi biyu kana cin amfanin kusan ɗaya. Alamar wannan ita ce sigina mai ƙarfi, gudu mai rauni, ping na hawa da sauka.

Yawancin AP a zango biyu suke watsawa, 2.4 GHz da 5 GHz. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11, a faɗin 20 MHz. Wasu kan sa 3 ko 9 wai sun ga ba kowa a kai. Wannan ya fi muni, domin 3 na shiga cikin 1 da 6 duka, kuma maimakon su jira juna sai su zama hayaniya ga juna. Kada a taɓa sa faɗin 40 MHz a wannan zango. Raba 1, 6, 11 a taswirarka yadda maƙwabta ba za su haɗu ba, kana tuna cewa ta sama da ta ƙasanta maƙwabta ne. Idan AP ɗin sun wuce uku a ƙaramin wuri, maimaita tasha a kan biyun da suka fi nisa, ko ka kashe rediyon 2.4 na wasu gaba ɗaya. Guji 12 da 13, don wasu wayoyi da laftof na hannu da suka fito daga Amurka ba sa ganinsu, sai mai su ya rantse Wi-Fi ɗin ya ɓace.

A zangon 5 GHz fili ya fi yawa, amma akwai tarko. Mutum zai sa 36, 40, 44, 48 a AP huɗu ya bar faɗi a 80 MHz, yana ganin ya raba su. A faɗin 80 waɗannan huɗun tasha ɗaya ce. A 40 sun zama biyu, sai a 20 ne suke huɗu. A gini mai AP da yawa, 40 ko ma 20 ya fi amfani, ko da lambar da gwajin gudu ke nunawa ta ragu. Tashoshi daga 52 zuwa 140 kuma ana raba su da na'urorin rada. AP sai ta saurara aƙalla minti ɗaya kafin ta fara watsawa a kansu, idan kuma ta ji rada dole ta bar tashar nan take, kowa ya faɗo. Wanda gininsa ke kusa da filin jirgin sama ya lura da wannan.

Ni ban cika yarda da Auto a ƙananan na'urori ba. Da yawansu sai lokacin tashi suke zaɓar tasha, kuma idan aka kawo wuta duka suka tashi tare, kowacce ta leƙa ta ga fili, sai su taru a wuri ɗaya. Sa da hannu. Dubi kuma MiFi da hotspot na wayoyin mutane a manhajar bincikenka. Wi-Fi ya yi rauni, kowa ya kunna nasa, nasun ya ƙara cushe iskar, sai raunin ya ƙaru.

Wayar da ta maƙale wa AP mai nisa

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne na'urar hannu ce ke yanke shawarar tsallakawa, ba AP ba. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wata AP sai sigina ya sauka zuwa -70 dBm, Mac kuma sai -75. Ko ta fara nema, iPhone sai ta ga wadda ta fi ta yanzu da 8 dB idan tana cikin aika bayanai, ko 12 idan tana zaune kawai. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa lissafin. Ma'ana, mutum zai iya tsayawa a ƙarƙashin AP ta ɗakin taro wayarsa na riƙe da ta ofishinsa a -69, kuma a ganinta ba ta yi laifi ba.

Nan ne yawancin mutane ke yin akasin abin da ya dace: su ƙure ƙarfin watsawa na kowace AP. Kana jin mai shela da lasifika daga ƙarshen unguwa, amma shi ba ya jin amsarka. Haka AP mai ƙarfi take da waya, wadda rediyonta ƙarami ne: sanduna a cike, amma abin da wayar ke aikawa ba ya isa. Ga shi ƙarfin ya hana siginar faɗuwa zuwa inda wayar za ta saki. Maganin ragewa ne. Sa 2.4 GHz a Low, 5 GHz a Medium, domin 2.4 ya fi ratsa bango, idan ka bar su daidai na'urori za su yi ta faɗawa kansa. Sake zagayawa da taswira. Abin da kake nema shi ne inda wannan AP ta sauka wajen -67, ta gaba ta riga ta kai haka ko ta fi. Idan ragewar ta buɗe rami a wani ɗaki, matsar da AP ko ƙara wata, kada ka mayar da ƙarfin. Bangon bulo da siminti, dekin mai rodi, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna cin sigina, musamman na 5 GHz, kuma jera AP a dogon baranda yana sa su ji juna sosai alhali ɗakunan ba sa samu.

Idan na'urorinka na da Minimum Data Rate, ɗaga shi zuwa 12 Mbps. Wannan na kashe tsofaffin matakan gudu na 802.11b, wato 1, 2, 5.5 da 11, yana kuma tsuke da'irar kowace AP. Akwai kuma Minimum RSSI, mai korar na'urar da siginarta ya yi ƙasa da iyaka. Shi ne matakin ƙarshe, a fara daga wajen -75 ko -80, kuma sai an tabbata akwai wata AP da za ta karɓi wanda aka kora. In ba haka ba wanda ke can lungu zai yi ta faɗuwa yana tashi.

Gwajin tsallakawa kuwa: rubuta ping -t da adireshin rauta, ɗauki laftof ka taka a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ɓacewar amsa ɗaya ko biyu a wurin sauyi ba komai. Idan ta ɗauke na sakan goma, ko adireshin IP ya canza, da sauran aiki. Windows na ajiye tarihin kwana uku na haɗuwa da yankewa, netsh wlan show wlanreport zai fitar maka da shi tare da dalilin kowace yankewa, sai dai a buɗe Command Prompt da ikon Administrator.

Suna, kalmar sirri da nau'in tsaro

Don waya ta ɗauki AP ɗin a matsayin netwok ɗaya, dole suna ya zama ɗaya baƙi da baƙi, har babba da ƙarami, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ma ɗaya. Na ukun ne ake mantawa: tsofaffin na WPA2, sabuwar da aka ƙaro ta zo da WPA3. Daidaita su. Idan akwai tsofaffin na'urori, WPA2 da AES ya fi zaman lafiya, a guji TKIP domin yana danne gudu zuwa 54 Mbps.

Inda AP ɗin na kamfani ɗaya ne ƙarƙashin manhajar kulawa ɗaya, kamar UniFi ko Omada, kunna 802.11k da 802.11v, masu sanar da waya maƙwabtan AP da ba ta shawarar inda za ta koma. 802.11r na gaggauta tsallakawar, amma wasu tsofaffin firintoci, kyamarori da na'urorin POS kan ƙi haɗawa idan an kunna shi. A yi musu sunan Wi-Fi nasu daban a 2.4 GHz. Sai dai kada sunayen su yi yawa, kowane suna na yin shelar kansa kusan sau goma a sakan a kowane rediyo, uku sun isa. Idan kuma intanet na yi amma ba a ganin firinta, duba ko an kunna Client Isolation, mai hana na'urori ganin juna, wanda don netwok ɗin baƙi aka yi shi.

Waɗanda ba kebul, da abin da ke faruwa bayan an ɗauke wuta

Na'urar ƙara zango da ke karɓa tana sake watsawa da rediyo ɗaya tana raba gudu kusan biyu, idan aka jera biyu a bayan juna kuwa abin da ya rage kaɗan ne. Kuskuren da aka saba shi ne a ajiye ta a ɗakin da ba sigina. A tsakiya ake sa ta, inda take samun -65 ko sama daga uwarta. Duk inda kebul zai iya zuwa, a ja kebul. A tsarin mesh, inda AP ke iya haɗuwa da juna ta iska, leƙa shafin kulawa ka ga ko AP da ka san tana da kebul tana nuna ta iska take haɗe, alamar kebul ɗin ya mutu ta koma jingina da maƙwabciyarta.

Idan netwok ya tsaya cak gaba ɗaya, har na kebul, fitilun suwic kuma na ƙyaftawa tare kamar sun haukace, nemi zobe: kebul da kawunansa biyu suka dawo suwic ɗaya, ko AP da ke haɗe ta kebul da ta iska a lokaci guda. Cire kebul ɗaya-ɗaya har fitilun su lafa, sannan ka kunna STP, saitin da ke toshe irin wannan zobe, a suwic ɗin idan yana da shi.

Ƙorafin da ke biyo bayan sauyi daga wutar gari zuwa janareta kuwa, yawanci tseren tashi ne. AP da wayoyi sun riga rauta shiryawa, sun roƙi adireshi ba mai amsawa, wasu kuma ba sa sake roƙo da wuri. Ɗora rauta, na'urar kamfanin intanet da suwic mai PoE a kan UPS ko inbata ɗaya, tunda AP ɗin daga suwic suke cin wuta, duk sun tsira tare. Ba kowace AP adireshi tsayayye don kada ta dogara da rabo. Bayan ka gama, sauke babban makunnin wutar ginin da gangan a lokacin da ba kowa, ka mayar, ka jira minti biyar, sannan ka bi AP ɗin ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowacce ta dawo a tashar da ka sa mata.